Lambobin Kanar Bud Day da Abin da Ba Za Su Iya Wankewa Ba

A ranar 18 ga Nuwamba 2002, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washington ta yanke hukunci a kan ƙarar da wasu tsofaffin sojoji suka kai gwamnatin Amurka. Alƙalai tara suka ba gwamnati gaskiya, huɗu suka saɓa musu. Lauyan masu ƙara, wanda ya sha kaye a ranar, dattijo ne ɗan shekara 77 mai suna George Day, wanda kowa ya fi sani da Bud. A gidansa akwai lambobin yabo na soja kimanin saba'in, ciki har da Medal of Honor, wadda babu ta sama da ita a ƙasar, da Air Force Cross, wadda ke bi mata a rundunar sojan sama. Ana lissafa shi cikin hafsoshin da suka fi kowa tara lambobi a tarihin Amurka. Abin da ya je nema wa abokan aikinsa a kotu kuwa shi ne kuɗin asibiti.

Na ɗauko labarin wannan mutum ne domin ina da ja da yadda ake ɗaukar lambar yabo, a Amurka da sauran wurare. Lambar yabo shaida ce a kan abu guda: a rana kaza, a wuri kaza, wane ya aikata kaza. Iyakarta ke nan. Amma sai ka ga gwamnati ta mai da ita rasidin biyan bashi, mai ita ya mai da ita lasisin yi wa jama'a hukunci, masu adawa da yaƙi kuma su ce ai ƙarfe ne da ƙyalle, babu komai a ciki. Dukkansu sun kauce hanya, kuma rayuwar Day ta isa hujja a kan kowannensu.

Abin da ya aikata

An haifi Day a garin Sioux City na jihar Iowa a 1925. Ya bar makaranta ya shiga rundunar sojan ƙundumbala lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya karanta shari'a, daga baya ya zama matuƙin jirgin yaƙi. A 1967, yana da shekara 42 da muƙamin manjo, aka ba shi jagorancin wani rukuni da ake kira Misty. Aikinsu shi ne su yi ƙasa-ƙasa da jirgi samfurin F-100 a sararin Biyetnam ta Arewa, su gano inda makamai da motocin abokan gaba suke, su yi wa wurin alama da hayaƙi, sannan su kira jiragen da za su yi ruwan bama-bamai.

A ranar 26 ga Agusta 1967 aka harbo jirginsa. Ya diro da laima, hannunsa na dama ya karye a wuri uku, gwiwarsa ta gurɗe, idonsa ɗaya ya samu rauni. Nan take mayaƙan yankin suka kama shi. Bayan 'yan kwanaki ya sulale cikin dare, babu takalmi, ya nufi kudu. Kusan mako biyu yana tafe cikin daji, abincinsa 'ya'yan itace da ɗanyun kwaɗi. Wani makami da ya fashe kusa da shi ya ƙara masa rauni. Ya haye kogin Ben Hai, wanda ya raba ƙasar biyu, a kan guntun gora. Saura 'yar tazara ya isa sansanin sojan Amurka na Con Thien sai wasu 'yan sintiri suka yi kiciɓis da shi, suka harbe shi a cinya da hannu, suka mayar da shi inda ya fito.

Daga nan ya shafe shekara biyar da wata bakwai a tsare, ciki har da zaman kurkukun Hoa Lo da ke Hanoi, wanda Faransawa suka gina tun zamanin mulkin mallaka domin ɗaure 'yan ƙasar. An azabtar da shi sau da yawa. Takardar lambarsa ta ce da azaba ta yi tsanani sai ya riƙa ba su bayanan ƙarya, domin kada ya tona asirin matuƙan da ke ci gaba da tashi. A ƙarshen 1967 aka jefo musu wani matashin matuƙin jirgin sojan ruwa cikin ɗaki, hannu biyu da ƙafa ɗaya a karye, rai kwakwai mutu kwakwai. Day da wani hafsa mai suna Norris Overly suka yi jinyarsa har ya farfaɗo. Wannan matashi shi ne John McCain. An sako su rana ɗaya, 14 ga Maris 1973, cikin fursunoni 591 da aka mayar gida bayan yarjejeniyar Paris. A ranar 4 ga Maris 1976 Shugaba Gerald Ford ya rataya wa Day lambar Medal of Honor.

Yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya taɓa takawa a kan ƙaya babu takalmi, ko ya kwana da karaya ba a ɗaure ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga masu cewa babu jarumta a yaƙin zalunci

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, domin ni ma na faɗa wa kaina shi. Me ya kai wannan mutum sararin ƙasar da ba ta kai wa tasa hari ba? Ba yawon buɗe ido ya je ba. Aikinsa nuna inda za a jefa bam. Daga 1965 zuwa 1968 Amurka ta yi wa Biyetnam ta Arewa luguden wuta a farmakin da ta kira Rolling Thunder, kuma a maƙwabciyarta Laos ta zubar da bama-bamai fiye da tan miliyan biyu tsakanin 1964 da 1973, waɗanda ragowarsu ke kashe manoma har yau. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce fararen hula kimanin miliyan biyu ne suka mutu a yaƙin, ban da mayaƙanta fiye da miliyan ɗaya. Amurka ta rasa mutum dubu 58 da 'yan kai. A lokacin da ake azabtar da Day a Hanoi, gwamnatin Biyetnam ta Kudu, ƙawar Amurka, tana tsare da nata fursunonin a tsibirin Con Son cikin wasu ƙananan kejuna, waɗanda asirinsu ya tonu a 1970. Babu wanda ya kira waɗannan zuwa Fadar White House.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ga dalilin sassauta ko kalma ɗaya daga ciki ba. Amma a duba abin da aka ba Day babbar lambar dominsa. An ba shi ne saboda abin da ya yi bayan ya faɗo ƙasa, babu makami a hannunsa: ya gudu, an sake kama shi, ya ƙi sayar da abokansa. Dokar yaƙi da kanta ta raba waɗannan abubuwa biyu. Yarjejeniyar Jeniba ta uku, ta 1949, ta ce fursunan yaƙi ba a tilasta masa faɗin komai ban da sunansa, muƙaminsa, lambarsa da ranar haihuwarsa, kuma ta haramta azabtar da shi ko da wane irin yaƙi ƙasarsa ta ɗauko. Hanoi ta shiga yarjejeniyar a 1957, sannan ta ce matuƙan Amurka masu laifin yaƙi ne, don haka kariyar ba ta hau kansu ba. Da ma ta gurfanar da su gaban kotu, da sai a saurari hujja. Igiya da bulala ta zaɓa.

Wanda ya ce fursuna ba shi da haƙƙi tunda yaƙin ƙasarsa na zalunci ne, to ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Da wannan hujjar ce Amurka ta yi amfani bayan 2001, da ta kira mutanen da ta tsare a Guantanamo mayaƙan da doka ba ta san da zamansu ba. Idan mun yi tir da Guantanamo da Abu Ghraib, kuma mun yi, to ba mu da bakin yi wa Hoa Lo uzuri. Mutumin da ya jure azaba bai tona asirin 'yan'uwansa ba ya yi abin a yaba, ko ɗan Iowa ne a Hanoi ko ɗan Hanoi ne a Con Son. Lambar Day ta tsaya da ƙafarta. Abin da ba ta yi ba shi ne wanke yaƙin, kuma laifin waɗanda suka so ta yi hakan ne.

An ci moriyar ganga

Na koma kan kotu. Shekaru masu yawa, jami'an ɗaukar soja a Amurka suna gaya wa samari cewa duk wanda ya yi shekara ashirin yana aiki, shi da iyalinsa za su samu magani kyauta har ƙarshen rayuwa. Mutanen da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya sun shiga a kan wannan alkawari. Da suka kai shekara 65 sai suka tarar asibitocin soja sun cika ko an rufe su, aka tura su tsarin inshorar tsofaffi na Medicare, inda dole su riƙa biya daga aljihunsu. A 1996 Day, wanda ya yi ritaya a 1977 da muƙamin kanar ya koma aikin lauya a jihar Florida, ya shigar da ƙara a madadin wasu tsofaffin sojan sama biyu, William Schism da Robert Reinlie.

Abin mamaki shi ne gwamnati ba ta musanta cewa an yi alkawarin ba. Hujjarta ita ce waɗanda suka yi shi ba su da ikon ɗaure baitulmali, tunda majalisa ba ta taɓa kafa dokar da ta ba su wannan iko ba. A 2001 alƙalai uku suka ba tsofaffin gaskiya. A 2002 cikakkiyar kotun ta rushe wannan hukunci, tare da nuna tausayi da fatan majalisa za ta duba lamarin. A 2003 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar ma gaba ɗaya.

A tsaya a auna wannan. Tun 1955, bayan yaƙin Koriya, Shugaba Eisenhower ya kafa wa sojan Amurka ƙa'idar da za su bi idan an kama su: su yi turjiya iyakar ƙarfinsu, su nemi hanyar gudu, kada su karɓi gata daga abokin gaba, su riƙe amanar 'yan'uwansu fursunoni. Day ya cika kowane sharaɗi da jininsa. Bai ce wa masu azabtar da shi jami'in da ya karanta masa ƙa'idar ba shi da hurumi ba. Amma da lokacin cika alkawarin ɗaya ɓangaren ya zo, sai aka fito da littafin doka aka nuna masa layin da ya ce maganar jami'in gwamnati ba maganar gwamnati ba ce. Hausawa suna cewa alkawari kaya ne. A nan ƙaramin ya ɗauki nasa har gida, babban ya sauke a bakin hanya.

Adalci ya sa in faɗi cewa hayaniyar da ƙarar ta tayar ba ta tafi a banza ba. Majalisa ta kafa tsarin TRICARE for Life, wanda ya fara aiki a watan Oktoba 2001, yana biyan abin da Medicare ta rage. Sai dai har yanzu tsohon soja sai ya biya kuɗin wata-wata na wani sashe na Medicare kafin ya amfana, kuma abin da aka samu an same shi ne da matsin lamba. Babu wanda ya tuna da su don lambobinsu.

Dalilin a fili yake. Lamba tana da araha. Ana buga ta sau ɗaya, a yi biki na awa guda, shugaba ya fito a hoto kusa da jarumi, wani abu na kwarjinin jarumin ya shafe shi. Jinyar tsoho kuwa kullum ce, ba ta da hoto, kuma sai ta bi ta kasafin kuɗi. Haka nan gwamnati takan zaɓi irin jarumtar da za ta yaba da wuri. Hugh Thompson, matuƙin jirgi mai saukar ungulu wanda ya sauka tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen ƙauyen My Lai a ranar 16 ga Maris 1968 domin ya tsayar da kisan kiyashi, sai a 1998 aka ba shi lambar da ta ambaci abin da ya yi da sunansa na gaskiya. Shekara talatin. A ɗaya gefen, sojoji kimanin ashirin sun samu Medal of Honor bayan kisan da aka yi wa 'yan ƙabilar Lakota a Wounded Knee a 1890, inda mata da yara da yawa suka mutu. Ashe lamba takan faɗi gaskiya a kan mai ita, takan kuma faɗi abin da mai bayarwa yake so a manta.

Inda shi ma ya zarce

Da labarin ya tsaya nan, da na rubuta waƙar yabo ne. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

A zaɓen 2004 Day ya shiga kamfen ɗin wasu tsofaffin sojoji da suka tashi haiƙan don ɓata John Kerry, ɗan takarar jam'iyyar Democrat, wanda shi ma ya yi yaƙin Biyetnam ya samu Silver Star da Bronze Star da Purple Heart guda uku. Fushin Day yana da tushe: a watan Afrilu 1971, lokacin yana kurkuku, Kerry ya ba da shaida gaban kwamitin Majalisar Dattawa a kan ta'asar da sojan Amurka ke yi, kuma fursunoni da yawa sun ɗauki wannan a matsayin cin amana. Yana da 'yancin jin haka, yana da 'yancin faɗa. Amma ƙungiyar da ya ara wa fuskarsa da lambarsa ba a nan ta tsaya ba. Ta yi ta yaɗa cewa lambobin Kerry ma na bogi ne, alhali binciken babban sufeton rundunar sojan ruwa a wannan shekarar ya nuna an bi ƙa'ida wajen ba shi su. McCain da kansa, abokin ɗakin Day, ya yi tir da tallar farko ta ƙungiyar a matsayin rashin gaskiya da rashin mutunci. Mutumin da darajarsa ta rataya a kan amincewar jama'a da takardar lamba ya taimaka wajen koya wa jama'a cewa takardar lamba abar yagewa ce idan mai ita ɗan wata jam'iyya ne.

An girbi abin da aka shuka bayan shekara goma sha ɗaya. A watan Yulin 2015, a jihar Iowa, mahaifar Day, Donald Trump ya tsaya gaban taro ya ce McCain ya zama jarumi ne kawai don an kama shi, shi kuwa ya fi son waɗanda ba a kama ba. Masana siyasa suka ce takararsa ta mutu. Ba ta mutu ba. Day bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a ranar 27 ga Yuli 2013, amma wuƙar da aka wasa a 2004 ce ta yanki abokinsa.

Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye. A watan Yulin 2008, yana yi wa McCain kamfen, Day ya gaya wa 'yan jarida cewa Musulmi sun ce ko a durƙusa musu ko su kashe mutane, shi kuwa ba zai durƙusa ba. Bai ce Alƙa'ida ba, bai ce wata ƙungiya ba. Musulmi ya ce, mutum fiye da biliyan ɗaya a dunƙule. Shekara huɗu kafin wannan magana, a watan Yunin 2004, Kyaftin Humayun Khan, Musulmi ɗan Amurka, ya umarci yaransa su ja da baya ya tunkari wata mota da ake zargi a ƙofar sansaninsu kusa da Baƙuba a Iraƙi, motar ta tashi da shi. An ba shi Bronze Star da Purple Heart bayan mutuwarsa, kabarinsa na maƙabartar Arlington. Shi ma yana cikin waɗanda Day ya yi wa kuɗin goro.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin wannan magana kan samu nauyin da ba nata ba saboda bakin da ta fito. Da wani lauyan ƙauye ne ya faɗe ta, da ta wuce kamar iska. Amma idan mai lambobi saba'in ya yi magana, mutane sukan ji nauyin ce masa ya yi kuskure, kamar musanta ra'ayinsa musanta wahalarsa ne. Wannan ruɗu ne. Juriyar azaba ba ta koya wa mutum tarihin Musulunci ba, kamar yadda ba ta koya masa aikin tiyata ba. Za a iya miƙe wa Day tsaye saboda abin da ya yi a 1967, a kuma ce masa maganarsa ta 2008 jahilci ce, a zama ɗaya, babu wanda ya ci karo da wani.

Abin da ya rage mana

Ba sai an je Washington ba kafin a ga wannan ɗabi'a. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya, a saki tattabaru, a yi jawabi. Kuma mun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikata a wannan birni suna neman haƙƙinsu. A watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da laima ya kuɓuta cikin daji har ya isa wurin sojoji, ƙasa ta yi ta murna. Murnar ta dace. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce abin da ke jiran irinsa ranar da gwiwa ta gaza, da abin da ake aika wa matan waɗanda ba su dawo ba.

Don haka idan aka nuna mini lamba, tambaya biyu nake yi. Ta farko ga mai bayarwa: ban da wannan, me kuma ka yi masa alkawari, kuma ka cika? Ta biyu ga mai karɓa: wane aiki ne takardar ta ambata, kuma shin abin da kake nema in yarda da shi yau yana cikinta?

A 2018, shekara biyar bayan rasuwarsa, aka ƙara wa Day girma zuwa birgediya janar. Filin jirgin saman Sioux City yana ɗauke da sunansa. Hukuncin 2002 kuwa yana nan daram a littattafan shari'a, kuma duk saurayin da ke zaune gaban jami'in ɗaukar soja a yau ya kamata ya san da shi kafin ya sa hannu.